Ku Tambaya Mu Amsa: wai mai gwajin manhaja danne-danne kawai yake yi?

Salamu alaikum jama'a. Saƙonni uku na zaɓo wannan makon kuma duk sun faɗo kan abu guda, wato gwada manhaja kafin a sake ta hannun mutane. Na ɗan rage tsawon tambayoyin saboda fili.

Tambaya: Malam ina wuni. Na gama digiri a kimiyyar kwamfuta, wani kamfani sun ce za su ɗauke ni aikin gwajin manhaja, amma 'yan ajinmu sai cewa suke aikin wanda ya kasa kodin (rubuta manhaja) ne, danne-danne ne kawai. Dan Allah me ake yi a ciki, in karɓa? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Ƙanwata ki karɓa, wallahi ki karɓa da hannu biyu. Masu faɗa miki haka ba su taɓa zama sun ga aikin ba ne. Shi mai rubuta manhaja tunaninsa kullum yadda za ta yi aiki, ke kuma naki tunanin ta ina za ta karye, kuma wannan tunanin ba kowa Allah ya ba ba.

Bari mu ɗauki fom ɗin rajista kawai, mai gidan suna da lambar waya da adadin kuɗi. Shi dibalofa, wato mai rubuta manhajar, zai rubuta Ali, ya sa lambarsa, ya sa 1,000, ya danna, ta wuce, ya ce an gama. Ke in kin zauna sai ki rubuta Sa'adatu ko Mu'azu ki ga me wannan 'yar alamar ta tsakiya za ta jawo, don akwai manhajojin da da sun gan ta sai su rikice, wasu ma ta nan ɓarayin intanet ke samun ƙofar shiga rumbun bayanai. Ni da kaina na taɓa tsayawa a wani ofis ana cike wa wani dattijo fom, kwamfuta ta ƙi sunansa har sau uku saboda alamar nan, ƙarshe ma'aikacin ya cire ta, sunan ya saɓa da na katinsa, aka ce ya dawo wani mako, ga shi daga ƙauye ya zo da kuɗin mota ƙididdigagge. Abin ya daɗe yana damuna. Sai ki rubuta Ɗanladi da Ƙasimu da haruffanmu masu lanƙwasa, ki duba ko a rasit za su fito daidai ko kuwa alamar tambaya za ki gani. Lambar waya kuma, tamu a Najeriya 11 ce kuma da sifili take farawa, in aka ajiye ta a matsayin adadin lissafi sifilin nan faɗuwa yake ta koma 10. In mutum ya fara da 234 fa? In kwastoma daga Maraɗi yake mai lamba 8 da 227 a gaba fa?

Gidan kuɗi nan ne ya fi daɗi. A ce ƙa'ida ba a tura sama da naira 50,000. Ba sai kin gwada kowane adadi ba, ba za ki gama ba har tsufa. Bakin iyaka za ki tsaya: 49,999 da 50,000 cif da 50,001, sai sifili, sai adadi mai alamar ɗebewa a gaba, sai ki bar gurin fayau, sai ki sa haruffa. Kurakurai da yawa a bakin iyakar nan suke kwana, don sau da yawa mai rubutu ya so ya ce "ƙasa da ko daidai da" sai ya rubuta "ƙasa da" kaɗai. Haka kwanan wata, ki sa 29 ga Fabrairu a shekarar da babu ita ki gani.

Sannan ki tuna wayar da ke hannun mutanenmu da irin sabis ɗin da muke fama da shi. Shi dibalofa yana gwadawa a babbar laftof da wayfay ɗin ofis, ita kuma mai sayar da awara ƙaramar itel ce da ita ko tsohuwar Tecno da memori ya cika da hotuna, to ki samo irin wannan wayar, ki danna tura ki kashe data ana tsakiyar tafiya, ki danna sau biyu da sauri kamar yadda kowa ke yi in abu ya tsaya yana juyawa, ki ga ko za a cire kuɗi sau biyu. Duk wanda aka taɓa yi wa dabit kuɗi bai je ba ya san zafin abin.

In kin kamo kuskure, wanda 'yan aikin ke ce wa bog, rubuta shi ma fasaha ce. "Ba ya yi" ba rahoto ba ne. Ki faɗi abin da kika danna ɗaya bayan ɗaya, abin da ya kamata ya faru, abin da ya faru, wace waya, wane zubin manhaja, ki haɗa da hoton sikirin. In dibalofa ya bi sawunki ya ga abin da idonsa babu sauran gardama.

Akwai kuma mataki na sama da wannan da ake ce wa tabbatar da inganci. Nan ba jira za ki yi a gama ba, tun ranar da ake zaman tsara abin da za a gina kina wurin kina tambaya, in sabis ya yanke me zai faru, wa ke da ikon goge ciniki. Tun ran gini ran zane. Tela ma kafin ya sa almakashi yake sake awo, don in yadi ya yanku gyara ya yi tsada.

Kar ki raina nauyin abin. A Birtaniya hukumar gidan waya ta sa wata manhajar lissafi mai suna Horizon ta kamfanin Fujitsu, ta riƙa nuna giɓin kuɗin da babu shi a ƙananan rassa. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu riƙe da rassan sama da 900, wasu sun yi gidan yari, wasu sun sayar da abin da suka mallaka sun biya kuɗin da ba su ci ba, saboda an ɗauka kwamfuta ba ta kuskure. Sai a 2019 kotu ta tabbatar manhajar na da kurakurai. Ki kwatanta da mai POS na bakin layinku a ce na'ura ta nuna ya ci kuɗi alhali bai ci ba. Irin mutanen da aikinki zai kare kenan.

Tambaya: Malam ni ɗan kasuwa ne, atamfa nake sayarwa a Kano. Na biya wani yaro ya yi min manhajar rubuta ciniki da bashi. Duk sanda ya gyara abu ɗaya sai wani ya lalace, satin jiya ya gyara rasit sai jimillar bashi ta daina fitowa daidai. Cutata yake ko bai iya ba? Kuma zai iya ba ni garanti ba za ta sake matsala ba?

Amsa: Alhaji barka da kasuwa. Ba lalle cutarka yake ba, wannan ciwon har manyan kamfanoni na fama da shi. Manhaja a sarƙe take kamar wayarin ɗin gida, ka taɓa nan can ya ɗauke. Maganinsa duk sanda aka yi gyara a koma a sake gwada tsofaffin abubuwan da da suke lafiya, ba sabon gyaran kaɗai ba.

Ga abin da za ka yi, kuma ba ya buƙatar ka iya kwamfuta. Ku zauna kai da yaran shago ku rubuta ciniki kamar 20 a littafi waɗanda ka san amsarsu da ka, wanda ya biya duka, wanda ya ba da rabi, wanda ya dawo da turmi biyu, wanda aka yi wa ragi, wanda ya biya bashin wancan watan ya ƙara ɗaukar sabo. Duk ranar da ya kawo gyara sai an shigar da 20 ɗin nan an ga sun yi daidai da littafi kafin ka karɓa. In ya ƙware zai iya rubuta ƙananan gwaje-gwaje da kwamfuta za ta riƙa yi da kanta cikin daƙiƙoƙi, ka tambaye shi ko yana da su. Kuma kar ya zama shi kaɗai ke gwada aikinsa, laifi tudu ne, mutum ba ya ganin nasa, ka ba yaron shagon da ya fi kowa gaggawa ya gwada ta.

Abu ya yi aiki jiya ba hujja ba ce yau. Ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Turai Ariane 5 ta tashi karon farko, kusan daƙiƙa 40 kacal ta karkace ta tarwatse a sama. Manhajar da ta yi shekaru lafiya a Ariane 4 aka ɗauko aka sa mata, ita kuwa sabuwar ta fi gudu, sai wani adadi ya fi ƙarfin ma'ajin da aka tanadar masa, wanda iyakarsa 32,767, kamar a juye buhu a mudu. Ba a gwada ta da yanayin tafiyar sabuwar rokar ba.

Wani abin kuma, kar a sa sabon gyara a duk wayoyin shago lokaci guda. Ranar 19 ga Yuli 2024 kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ya tura wani ɗan sabuntawa ga kwastomominsa gaba ɗaya, Microsoft ta ƙiyasta kwamfutoci miliyan 8.5 suka tsaya cik, jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka shiga ruɗani. A fara da waya ɗaya kwana biyu tukuna, a kwafe bayanai a ajiye gefe kafin a taɓa komai, kuma dan Allah ban da satin sallah da kasuwa ke cike. Littafin bashinka na takarda ma kar ka jefar yanzu, ku tafi da su biyun ko da wata biyu ne kana kwatantawa.

Maganar garanti kuwa, in ya ce maka ba za ta ƙara kuskure ba har abada to a nan ne zan yi shakkarsa. Wani masanin kwamfuta ɗan Holan, Edsger Dijkstra, ya daɗe da faɗa cewa gwaji na iya nuna akwai kuskure amma ba ya iya nuna babu. Abin da za ka nema ku rubuta a yarjejeniya shi ne wata nawa zai riƙa gyara kyauta, da cikin kwana nawa zai zo in ka kira.

Tambaya: Yaya ni ban yi jami'a ba, difloma gare ni. Sai da satifiket ake shiga aikin nan? Daga wani matashi a Gombe.

Amsa: Ƙanena ba dole ba ne, amma yana taimakawa wajen neman aiki. Wanda aka fi sani shi ne na ISTQB, hukumar ƙasa da ƙasa mai ba da satifiket ɗin gwajin manhaja da aka kafa a 2002, jarrabawar matakin farko tambaya 40 ce, ka ci 26 ka haye, kuma tsarin abin da za a karanta kyauta suke bayarwa a shafinsu. Ka fara da gwajin hannu tukuna, sai ka koyi ɗan SQL, harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, don ka iya leƙa rumbun bayanai ka ga ko abin da aka nuna a fuska shi ne a ciki, sai Postman, abin gwada saƙonnin da manhajoji ke aika wa juna. In hannunka ya faɗa ka shiga Selenium ko Playwright, kayan aikin da ke sa kwamfuta ta yi gwaji da kanta, nan kam sai da kodin, ka zaɓi harshe ɗaya, Python ko JavaScript. Kafin nan ka ɗauki wata manhaja da ke wayarka a daren nan, ka nemo kurakurai goma ka rubuta su yadda na faɗa wa 'yar'uwarka a sama, su za ka nuna ranar intabiyu. In ka rubuta ka turo min biyu daga ciki zan duba maka in sha Allah.