Tsohuwar kwamfutar Baba ta ƙi tashi: faifan ne ya mutu?

Tambaya daga wani mai karatu a Daura: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina ya rasu ya bar tsohuwar kwamfuta samfurin 486 da yake buga wa mutane takardu da ita, kuma akwai takardun gonakinmu a ciki. Da na kunna ta, ta yi kukan CMOS, kwanan wata ya koma 1980. Wani yaro ya taɓa saitinta, sai ta koma rubuta "Missing operating system". Ya ce faifan ajiyarta mai megabait 420 ya mutu. Na je Katsina na sayo mai gigabait 40, shi kuma da an sa shi sai ta daskare. Yanzu ya ce a yi wa tsohon fomatin, wato a goge shi a sake tsara shi. In yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Kada ka yarda, kuma ka karɓe faifan daga hannun yaron nan tun yau. A yadda ka kwatanta, na fi zaton faifan lafiyarsa ƙalau, kwamfutar ce ta manta yadda ake magana da shi.

Kwanan watan nan da ya koma 1980 shi ne ya tona asirin. Da yawa daga kwamfutocin wancan zamani ba sa gane faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira had-dis, da kansu. Mai haɗa na'ura ne yake shiga saitin bayos, wato manhajar da ke fara tada kwamfuta, ya rubuta lambobi uku da ke bayyana tsarin faifan: yawan silinda, yawan kawuna, da yawan sakta, wato ƙananan gidajen ajiya, a kowane layi. Ɗan batirin da ke kan madabod, wato babban allon cikin kwamfuta, shi ne yake riƙe waɗannan lambobi a 'yar ma'ajiyar da ake kira CMOS. Batir ya mutu, lambobi suka tafi tare da kwanan wata. Yaron ya zo ya sa wasu, ko ya bar bayos ta yi cinke.

Abin ya yi kama da ɗan aike. Ka ce masa ya je gida na farko a layi na biyu. In a lissafinka kowane layi gida 63 ne, shi kuma an gaya masa 17 ne, zai ƙirga 17 ya tsaya ya yi sallama a ƙofar da ba ita ba. Sakta ta farko a faifai kullum ana samunta, ko da lambobin ba daidai ba ne, domin a bakin ƙofa take. Ita ce ke nuna inda DOS, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ya fara. Da aka bi kwatancenta da lissafin da ba shi ba, aka iske wurin wayam, sai ta rubuta maka wancan saƙon. Wato saƙon ma shaida ne cewa faifan yana juyawa kuma ana karanta shi. Mataccen faifai ba ya kai ka nan.

Ka fara da batirin. In ƙwaya ce kamar sulalla mai lamba CR2032, masu gyaran agogo ma suna da ita. Amma 486 da yawa batirinsu ɗan ganga ne da aka liƙa da dalma, kuma in ya tsufa yakan yi yoyo ya ci layukan madabod. In ka ga tsatsa kore ko fari a gefensa, a cire shi a goge wurin kafin komai. Wannan ya fi maganar faifan ba ni tsoro.

Daga nan ka duba takardar da ke manne a bayan faifan, galibi lambobin uku suna nan. Ka shiga bayos, yawanci da maɓallin Del, ka zaɓi nau'in da ake rubutawa da hannu, wanda a na'urori da yawa shi ne lamba 47, ka sa su. In akwai zaɓi tsakanin Normal da LBA, wato tsohuwar hanya da sabuwar hanyar ƙirga wuraren faifai, faifai mai megabait 420 Normal ya fi dacewa da shi. Ka kuma leƙa cikin akwatin da kyau. Masu haɗa na'ura na da sukan rubuta lambobin da suka yi amfani da su da biro a jikin ƙarfe, kuma wani lokaci sun saɓa da na takardar. In sun saɓa, na biron za ka bi, domin da su aka tsara faifan.

Tun da an yi ta cirewa da mayarwa, ka duba faffaɗar wayar nan mai rami 40 da ke haɗa faifan da kwamfutar, wadda ake kira IDE. Gefenta mai jan layi yana bin fil na ɗaya, wanda a jikin faifai yake kusa da wurin wuta. Tsofaffin wayoyi suna shiga ko a juye. Sannan akwai jamfa, ba ta sawa ba, wata 'yar hula ce da ke haɗa fil biyu, kusa da haruffan MA, SL da CS. In faifai biyu ne a waya ɗaya, a sa ɗaya ya zama MA, wato na farko, ɗaya SL, wato na biyu. Wasu na Western Digital kuma in su kaɗai ne a waya, cire jamfar ake yi gaba ɗaya.

Sabon faifanka kuwa ba shi da laifi, ya fi ƙarfin na'urar ne. Yawancin bayos da aka yi kafin 1994 iyakarsu silinda 1024, kai 16, sakta 63. Ka ninka su da bait 512 na kowace sakta, za ka samu megabait 528, wanda allo ke nunawa 504 saboda bambancin yadda ake ƙirga megabait. Na bayansu ma sun ci karo da nasu shingen, a gigabait 2.1, da 8.4, da wajen 32, har zuwa 137. Wasu su ga ɗan abin da za su iya gani su yi shiru, wasu su daskare kamar taka. Ko da bayos ta ga faifan, tsohon DOS ba ya riƙe yanki ɗaya da ya wuce gigabait 2. Akwai manhajoji irin su Ontrack Disk Manager da ke zagaye wannan shinge, amma ban ba ka shawararsu ba. In kana son na'urar ta ci gaba da aiki, ƙaramin katin ajiya na CompactFlash mai megabait 256 ko 512 da mahaɗinsa na IDE ya fi sauƙi.

In ka sa lambobin daidai amma ba ta tashi ba, ka tashe ta da fulofin DOS, ka buga DIR C: ka gani. In sunayen fayiloli suka fito garau, takardun Baba suna nan, ka kwashe su kafin ka gyara komai. In suka fito a hargitse, lambobin ba su ne ba, kada ka rubuta komai a faifan, kada ka bar manhajar duba faifai ta ScanDisk ta ce za ta gyara. Sai bayan ka kwashe ne za ka duba da umarnin FDISK ko yankin farko na faifan yana da alamar A, wato shi ne ake tashi daga kansa, sannan ka buga SYS C: don mayar da fayilolin tashi.

Kada ka dogara da mahaɗin USB na zamani wajen kwashewa, da yawansu ba sa karanta faifan da ya girmi LBA. Ka nemi mai gyara da ke da tsohuwar Pentium ya ɗaura shi a matsayin faifai na biyu. In kuwa ka kasa kunne ka ji ba ya juyawa, ko yana ƙwas-ƙwas a jere, ka kashe wuta nan take, ka rubuto mini irin ƙarar da ka ji da lambar da ke jikinsa.