Likita Yana Amsawa: Hawa Jirgin Sama da Keken Guragu Mai Batir

Tambaya: Likita, cutar shan inna ta kama ni tun ina ƙarama, kuma yanzu ina amfani da keken nan mai batir da ake tuƙawa kamar babur. Na yi niyyar zuwa Umara daga Kano, amma an ce mini ba a yarda a shiga jirgi da irinsa ba. Shin gaskiya ne?

Amsa: Hajiya, Allah ya cika miki buri. Maganar da aka gaya miki ba haka take ba. Ana ɗaukar irin wannan keke a jirgi, sai dai batirinsa yana cikin kayan da Ƙungiyar Kamfanonin Jiragen Sama ta Duniya, wato IATA, ta sanya wa ƙa'ida, domin batirin litiyam yana iya yin zafi har ya kama da wuta idan ya bugu ko wayoyinsa suka haɗu. Saboda haka abin da za ki fara yi shi ne ki duba rubutun da ke jikin batirin. Idan na litiyam ne kuma irin wanda ake cirewa, ƙa'idar ita ce kada ƙarfinsa ya wuce Wh 300 (Wh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir yake ɗauka), sannan a cire shi daga jikin keken, a rufe bakinsa, ki shiga da shi wurin zaman fasinjoji, domin idan ya fara hayaƙi a can ma'aikata za su gani su kashe. Idan ba a rubuta Wh ba, ki ninka lambar V da lambar Ah: batir mai V 24 da Ah 12 yana da Wh 288 ke nan, bai wuce iyaka ba. An kuma yarda da ƙarin batir ɗaya wanda bai wuce Wh 300 ba, ko guda biyu waɗanda kowannensu bai wuce Wh 160 ba. Batir rufaffe wanda ruwansa ba ya zuba yakan zauna a jikin keken, a kashe shi, a cire makulli.

Ki sanar da kamfanin jirgin aƙalla awa 48 kafin tashi, ko da yake ni na fi so a yi hakan ranar da aka yanki tikiti. Ki ba su nauyin keken da tsawonsa da faɗinsa, domin ƙofar ma'ajiyar kaya ta ƙananan jirage irin Boeing 737 ba ta kai mita ɗaya a tsaye ba, kuma keken da bai shiga a tsaye ba sau da yawa kwantar da shi ake yi, daga nan lalacewa take farawa. Idan ta hannun kamfanin shirya tafiye-tafiye kika sayi tikitin, kada ki wadatu da cewar da za su yi an sanar, ki nemi shaida a rubuce. A Masallacin Harami kuwa akwai kekunan lantarki na haya domin ɗawafi da sa'ayi, saboda haka ko da ba a bar ki kin shiga da naki ba, ibadarki ba za ta tsaya ba.

Tambaya: Na samu rauni a laka sakamakon haɗarin mota, ba na jin komai daga ƙirji zuwa ƙasa, kuma ina da robar fitsari. Zan je Landan daga Abuja domin ganin likita. Me ya kamata in kiyaye?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara sauƙi. A ganina, babban abin tsoro a tafiyarka shi ne awannin da za ka yi ba a kan kekenka ba. Tafiyar kanta ta haura awa shida, kuma mai keke shi ake fara shigarwa, shi ake fitarwa a ƙarshe, don haka ka ƙara aƙalla awa guda a kan lissafin. Kujerar jirgi ba a yi ta domin wanda ba ya jin zafin zama ba. Mai lafiya yana gyara zama ba tare da ya sani ba, kai kuwa jikinka ba zai gaya maka cewa jini ya daina isa fatar mazaunai ba, kuma 'yan awanni sun isa su haifar da gyambon da zai ɗauki watanni yana jinya. Ka cire matashin da kake zama a kai daga jikin keken ka shiga da shi, ka zauna a kansa. Idan mai iska ne, ka sani cewa iska tana kumbura idan jirgi ya yi sama, sai matashin ya yi tauri, saboda haka a rage masa iska kaɗan bayan tashi, a mayar bayan sauka. Ka riƙa ɗaga jiki ko karkata gefe duk bayan minti 20 zuwa 30, ko abokin tafiyarka ya taimaka maka.

Ka nemi a rubuta maka alamar WCHC a tikiti, wadda take nufin fasinjan da sai an kai shi har kujerarsa. Za a ɗauke ka a wata siririyar kujera mai taya da ke bi ta tsakanin kujeru, kuma a wannan ɗagawa ne ake yawan goge fata ko murɗe kafaɗa, don haka kai ne za ka gaya musu inda za su riƙe, kada kunya ta hana ka.

Game da fitsari, kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ƙi shan ruwa tun daren jiya don gudun zagayawa. Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, kuma ƙarancin ruwa yana jawo ciwon mafitsara da toshewar roba. Ka sha ruwa yadda ka saba, ka juye jakar fitsarin dab da shiga jirgi, ka riƙe wata jakar da roba da safar hannu a jakar hannunka, domin ma'aikatan jirgi ba sa taimakawa a cikin banɗaki. Tun da rauninka yana sama, akwai abin da nake so abokin tafiyarka ya sani: wanda lakarsa ta samu rauni daga daidai ƙashin baya na shida na ƙirji zuwa sama, jininsa yana iya hawa farat ɗaya idan mafitsara ta cika ko roba ta lanƙwashe. Alamunsa su ne matsanancin ciwon kai da gumi a fuska da toshewar hanci. Idan haka ta faru, ka zauna a miƙe, a sassauta tufafi, a duba robar nan take, a kuma sanar da ma'aikata.

Tambaya: Mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki wata biyu da suka wuce, yanzu yana amfani da keke mai batir. Zai iya hawa jirgi?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka da alheri. Galibi likitoci suna cewa a jira kimanin mako biyu bayan shanyewar, don haka ta fuskar lokaci ya wuce wannan iyaka, muddin hawan jininsa ya daidaita. Amma iskar cikin jirgi tana daidai da ta kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400, kuma oksijin da ke cikin jini yakan ragu, saboda haka idan yana da ciwon zuciya ko na huhu, sai likitansa ya duba shi ya cike takardar bayanin lafiyar fasinja, wato MEDIF, da kamfanonin jirage suke nema. Zaman da ya wuce awa huɗu yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, musamman ƙafar da ba ta motsi. Ku tambayi likitan game da safa mai matse ƙafa, ku riƙa motsa masa idon sawu, kuma kada a ba shi asfirin ko maganin barci da sunan rigakafi ba tare da umarnin likita ba. Magungunansa su kasance a jakar hannu.

Tambaya: Na sauka daga jirgi na tarar an karya sitiyarin kekena, ma'aikatan suka ce in tafi gida za su kira ni. Yau kwana huɗu shiru.

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki ƙara kwana kina jira. A tafiyar ƙasa da ƙasa, Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ba fasinja kwana bakwai kacal ya shigar da ƙorafin lalacewar kaya a rubuce, saura miki uku ke nan. Ki aika da takarda yau, ki haɗa da hotuna da lambar tikiti da ɗan tikitin kayan da aka manna miki, ki kuma nemi su ba ki keken aro. Yarjejeniyar ta ƙayyade diyyar da kamfani zai biya, kuma tana iya gaza kuɗin keken, shi ya sa rasidin saye da ƙiyasin mai gyara suke da amfani wajen ciniki da su. Idan sun yi biris, ki kai ƙara sashen kare haƙƙin fasinjoji na Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Nijeriya, NCAA. Kafin a gyara, kada ki hau keken da sitiyarinsa ya karye, kuma idan na aron bai dace da jikinki ba, ki sa matashinki a kai, ki riƙa duba fatarki da madubi safe da yamma.