Motata tana shaƙewa, ga TÜV ya matso, ga kawu yana jiranta

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga Hamburg. Yana kai wa mutane saƙo da Corolla ƙirar 2003, injin 1.6 mai amfani da fetur. In ya taka totur sai ta shaƙe kafin ta ɗauka, da sanyin safiya kuma tana jijjiga a silo, ga fitilar gargaɗin inji ta kama. Wata mai zuwa ne lokacin TÜV, wato gwajin lafiyar mota na dole a Jamus. Wani dillali ya ce a ba shi kuɗi ya kawo takardar ba sai an kai motar ba, kawunsa kuma ya matsa a auno masa ita gida tunda "ta gaji".

Malam, ka rabu da dillalin nan tun yau. Takardar TÜV ta bogi laifin jabun takardu ce a dokar Jamus, kuma kai za a kama da ita a hanya, shi yana gida. An sha ganin mutum ya je sabunta izinin zama a tarar da irin wannan hukunci a fayil ɗinsa. Ko motar ta faɗi gwaji, wata guda ake ba ka ka gyara ka mayar.

Kada ka sayi komai sai ka karanta kwamfutar motar. Na'urar OBD mai arha, wadda ke nuna lambobin matsalar mota, ta isa, ramin da ake jona ta yana ƙarƙashin sitiyari. P0301 zuwa P0304 na nufin silinda ɗaya ba ta kama wuta daidai, lambar ƙarshe ce ke gaya maka wacce. Injin nan kowace silinda da kwayil ɗinta, sai ka musanya na mai laifin da na maƙwabciyarta, ka goge lambar ka yi tuƙi. In laifin ya bi kwayil, ka gano shi. In bai bi ba, ciro fulogi: tazarar bakinsa kada ta wuce milimita 1.1, ka kuma leƙa ramin ko baƙin mai ya taru, don gasket ɗin murfin inji yana yoyo in ya tsufa.

Amma yadda ka kwatanta, na fi zargin P0171, wato iska ta fi mai yawa. Jijjigar da ke lafawa in inji ya yi zafi yawanci daga gasket ɗin manifol, bututun da ke kai iska cikin inji, take: sanyi yana sa robar ta tsuke, iska ta saci hanya ba tare da sensa ta ƙirga ta ba. Duba gyaran mai na dogon zango a na'urar, wato yawan man da kwamfutar ke ƙarawa ko ragewa. In ya haura +10% a silo amma ya sauko da ka ɗaga juyin inji zuwa 2,500 a minti ɗaya, yoyon iska ne, ka bi gasket da tiyo ɗaya bayan ɗaya. In kuwa ƙaruwa yake yi da ka ƙara wuta, to sensar iska ce ta yi datti ko mai ba ya isa. Sukurori biyu ke riƙe da sensar bayan filtar iska. Fesa mata maganin da aka yi don ita, kada ka taɓa siririyar wayar ciki, ka bari ta bushe. Famfon mai shi ne na ƙarshe, bakanike ya auna, ya kamata matsinsa ya kai kusan bar 3. Idan fitilar gargaɗin inji ta fara ƙiftawa, tsaya, ɗanyen mai ne ke ƙona indomin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi, wanda ya fi duk waɗannan tsada. Goge lamba ana gobe gwaji ba dabara ba ce, na'urarsu tana gani.

Batun kawu kuwa, ina bayanka. Zumunci bai ce ka miƙa abin da kake ci da shi kake kuma aika musu ba. Wanda bai san kuɗin haya da inshora a Hamburg ba, gani yake tsohuwar mota kyauta ce. Ka gaya masa cikin ladabi cewa motar tana aiki. In ma wata rana za ka aika, ka soke rajistarta da kanka kafin ta bar hannunka, in ba haka ba haraji da inshora za su ci gaba da hawa kanka. Duk dillalin da ya ce zai sauke a Kwatano ya shigo da ita ta ƙasa, ka sani Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa tun Janairun 2017, kwastan kuma kwacewa suke yi.