Kun Tambaya, Mun Amsa: Nutso da Tukunyar Iska a Zanzibar

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maiɗakina za mu je hutu Zanzibar bayan Sallah, muna so mu yi nutso da tukunyar iska mu ga murjani da kifaye. Na ɗan iya iyo, ita ba ta iya ba. Kamfanoni ga su nan barkatai a Instagram, wani kuɗinsa rabin na wani. Yaya zan gane na ƙwarai? (Wani mai karatu, Gwarinpa, Abuja)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ajiye maganar kuɗi tukuna. Kamfanin kirki ana gane shi ne daga tambayoyin da zai yi muku kafin ya karɓi ko sisi. Zai ba ku takardar lafiya ku cike: asma, ciwon zuciya, hawan jini, farfaɗiya, ciwon kunne. Mai juna biyu ba ta nutso, haka mai sikila. Mai AS kuwa ya ga likita tun kuna Abuja. Duk wanda ya ce muku "ku zo kawai, ba matsala", ku bar shi inda kuka gan shi.

Tunda ba ku da takardar shaidar koyon nutso, nutson gwaji na yini ɗaya za ku yi. A tsarin PADI, ƙungiyar da ta fi shahara wajen horar da masu nutso, ana fara koya muku a ruwa mara zurfi, a teku kuma ba a wuce mita 12, kuma malami ɗaya ba ya riƙe fiye da mutum 4. In da hali ku biya a ware muku malami ku biyu. Kada a ɓoye masa cewa Hajiya ba ta iya iyo ba. Ya fi ma ta yi 'yan makonni tana koyo kafin tafiya. Cikakken kwas mai kai mutum mita 18 kwana 3 zuwa 4 ne, kuma sai an yi iyon mita 200 da shawagi a saman ruwa na minti 10. Nemi sunan malamin da lambarsa ka duba a shafin ƙungiyarsa, don tambarin da aka manna a ƙofar shago kowa na iya bugawa.

Ana gobe nutso, ka je shagon da ƙafarka. Ɗauki tukunya ɗaya ka duba kafaɗarta, za ka ga an buga wata da shekarar da aka gwada ƙarfinta. A ƙasashe da yawa duk shekara 5 ake wannan gwaji, duban ciki kuma duk shekara. Ɗan buɗe bakinta ka sansana: iskar kirki ba ta da wari. In ka ji warin mai ko hayaƙi, mai yiwuwa injin da ke ɗura iskar yana zuƙa ne kusa da salansa. Duk mai janareta ya san aikin wannan hayaƙi a rufaffen ɗaki, a ƙarƙashin ruwa kuwa matsi na ninka gubar. Sai a haɗa na'urar shaƙa. Allurar mitar da ke nuna matsin iskar tukunya ta tsaya wajen bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsin). Ja numfashi uku masu ƙarfi idonka na kanta. In ta yi ƙasa ta dawo, ko ba a gama buɗe tukunyar ba ko wani abu ya toshe. Duba tiyo ko ya tsattsage, gwada bakin shaƙa na biyu, mai ruwan ɗorawa, wanda ake miƙa wa abokin da iskarsa ta ƙare. Hura rigar iskar, wadda ke taimaka wa mai nutso shawagi, ka ajiye ta minti biyu ka ga ko za ta sace. Nan ne araha ke nuna ba ta ado, domin kuɗin gyaran waɗannan kaya ne aka zabtare maka.

Tambayoyi uku game da jirgin ruwan da zai kai ku: akwai tukunyar oksijin ta gaggawa da wanda ya iya aiki da ita? Wa ke zama a sama yayin da kuke ƙasa? Ana kiran suna kafin a tashi, ko ƙidaya kawuna kawai ake yi? A kewayen tsibirin Mnemba, inda jirage daga Nungwi da Matemwe ke yin cincirindo da safe, hawa jirgin da ba naka ba abu ne mai sauƙi. Ka kuma tambayi ina ɗakin matsin iska mafi kusa yake, wato inda ake jinyar mai nutson da iska ta yi wa kumfa a jini. Wanda ya yi kame-kame bai taɓa shirya wa ranar tsautsayi ba.

Saurari bayanin malami kafin shiga ruwa. Dole ya nanata cewa ba a riƙe numfashi: a mita 10 matsi ya ninka na doron ƙasa, iskar da ke huhu kuma za ta ninka girma in aka taso da ita a rufe, har ta yaga huhu. Ana tasowa a hankali, a dakata minti 3 a mita 5, a fito da sauran iska bar 50 a tukunya. Ga Hajiya, akwai rigar nutso mai rufe jiki har wuyan hannu da idon sawu, da hularta. Ku nemi malama mace tun a waya. Kai kuma in kana da gashin baki, rage wanda ke ƙarƙashin hanci, ta nan ruwa ke shiga tabarau.

Tambaya: Jirgin saman da zan hau zai tashi ƙarfe 4 na yamma. Zan iya nutso da safen ranar? (Wata mai karatu, Rayfield, Jos)

Amsa: A'a, 'yar'uwa. Jiki na tara iskar naitirojin a ƙarƙashin ruwa, cikin jirgin sama kuma matsi na raguwa, sai ta yi kumfa a jini kamar an ɓalle murfin lemon kwalba. Ƙungiyar DAN, mai kula da lafiyar masu nutso, ta ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa. Mu dai awa 24 muke cewa. In kin ji ciwon gaɓoɓi, kasala ko mutuwar sashen jiki, ko da kin iso Jos, ki faɗa wa likita ranar da kika yi nutso da zurfin da kika kai, kada a ɗauka zazzaɓi ne. Ki kuma karanta takardar inshorar tafiyarki da kyau, wasu sukan cire nutso daga abin da suke biya.