Amsar tambayarka kan taswirar ƙasar da babu ita

Ka tambaye ni jiya, bayan mun rufe shago, ko za ka iya zana taswirar da marubucin nan ya kawo mana aikinta ba tare da ka karanta littafinsa ba, tun da ƙasar ƙagaggiya ce, kuma baƙin kalmomin da ya sa a bakin aljanunsa babu mai jin su balle ya kama ka da kuskure. Ban amsa maka nan take ba domin tambayar ta fama mini tsohon miki, kuma na san da na buɗe baki a lokacin, faɗa kawai za ka sha.

Kimanin shekara ashirin da suka wuce, lokacin da littattafan yaƙi suke tashe a Kano, wani marubuci ya zo mini da kashin farko na labarin wani jarumi da ya tafi ƙasar aljanu neman takobin kakansa. Yana son taswira a shafi biyu na farko, irin wadda ya gani a littattafan Turawa. Na ce ya ba ni rubutun in karanta, ya ce sirri ne, yana tsoron a sace masa labari. Sai ya yago takarda daga littafin makaranta, ya jera mini sunaye goma sha huɗu, ya ce teku tana can, duwatsu suna nan, sauran kuma in yi yadda na ga ya dace. Na yarda, ban ma karɓi kafin alƙalami ba, saboda wani dattijo da nake jin nauyinsa ne ya rako shi. Wautata ba ta tsaya nan ba, har na tsaya masa wajen mai sayar da takarda aka ba shi bashi da sunana.

Kwana goma sha ɗaya na yi a kan wannan taswira, da alƙalami mai bakin ƙarfe da baƙar tawada, kowane dutse da inuwarsa, kowane birni da ganuwarsa da ƙofofinsa, kuma har yau ban ga wanda ya yi kamarta a garin nan ba. Aka ɗauki hotonta a fim na maɗaba'a, aka ƙona farantin da inji ke bugawa da shi, aka buga kwafi dubu uku. Ba a yi mako biyu ba sai ƙorafi ya fara fitowa daga rumfunan masu ba da hayar littafi, inda masu karatu ba sa barin ko ɗigo ya wuce su. A cikin labarin, jarumin ya fita daga birni da hantsi rana tana dukan fuskarsa, wato ya nufi gabas, ya yi kwana arba'in kafin ya isa babban kogi. A taswirata kogin yana yamma, dab da ganuwa, ya ma fi kusa da birnin a kan dutsen da aka ce tafiyar kwana uku ce. Sunan birnin kansa ya fito iri uku: da ƙ mai lanƙwasa a taswira, da k maras lanƙwasa a cikin labari, a bango kuma an ninka baƙin tsakiya.

Marubucin nan ya tashi a gaban jama'a ya ce ni na ɓata masa littafi, ya hana ni ko sisi na ladan aikina, ya kuma bar ni da mai takarda, wanda bai san kowa ba sai ni. Babur ɗina na sayar na biya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, bayan wata biyar kashi na biyu ya fito daga wata maɗaba'a da taswirata a ciki. Sun kifa fim ɗin ta baya don kogin ya koma gabas, sun liƙa sababbin sunaye a kan nawa, sun kankare sa hannuna daga kusurwar ƙasa. Inuwar da na sa ta faɗa dama ta koma hagu, kuma da ita na gane aikina tun daga nesa. Dattijon ya ce in bar wa Allah, na bari, amma ban manta ba.

Ga shi kai ma yanzu kana neman faɗawa ramin da na faɗa, don kana ƙyuyar karanta shafi ɗari biyu. Ku 'yan zamani kun ɗauka taswira ado ce, ku sauko da ta wani daga intanet, ku canza sunaye a kwamfuta, kafin la'asar kun gama. Taswirar labarin almara alkawari ce da marubuci ya ɗaukar wa mai karatu, kuma mai karatu yana komawa gare ta duk lokacin da jarumi ya ɗaura sirdi. Stevenson, mutumin Sikotlan da ya rubuta Treasure Island, taswirar tsibirin ya fara zanawa a 1881 kafin labarin ya zo masa. Da za a fitar da littafin a 1883 taswirar ta ɓace bayan ya aika wa masu ɗab'i, dole ya bi littafin shafi shafi yana tsamo duk inda aka ambaci wuri ko nisa, ya sake zana wata da za ta dace da su, kuma shi da kansa ya ce ba ta taɓa zama masa kamar ta farko ba. Tolkien, marubucin da ya koyar da harshe a Jami'ar Oxford, ya faɗa cewa da taswira ya fara, sannan ya sa labari ya bi ta, kuma ɗansa Christopher ne ya zana wadda aka buga a The Lord of the Rings a 1954. Mutum ne mai lissafa tafiyar kowace rana har da tsayuwar wata. In masu wannan matsayi sun sha wannan wahala, wane ne kai da za ka zana da ka?

Ba zan ɓata tawada ina gaya maka cewa kogi daga tudu yake gangarowa ba, ko yadda ake barin gefen ɗinki a tsakiyar shafi biyu, wanda bai san wannan ba bai kamata ya riƙe alƙalami ba. Abin da nake so ka yi shi ne ka karanta rubutun da takarda a gefenka, duk inda aka ce an yi kwana kaza daga wuri kaza ka rubuta, tare da ko a ƙafa ne, ko a kan doki, ko da ayarin raƙuma. Ma'auninka ya zama zango, yadda fatake suke lissafi, domin mutanen cikin labarin ba su san kilomita ba. Ba dole ba ne kuma arewa ta kasance a sama. Al-Idrisi, Balarabe masanin taswirar duniya, ya sa kudu a sama a taswirar da ya kammala a 1154, Tolkien ma gabas ya sa a sama a taswirar dutsen da ke cikin The Hobbit na 1937, kuma ga mai karatunmu da ya saba neman gabas sau biyar a rana, wannan ba baƙon abu ba ne. Sharaɗin kawai shi ne ka nuna a fili.

Batun harshe kuwa, ka ce babu mai jin sa. Kunne yana jin abin da bai fahimta ba. Dubi sunayen ƙasarmu: Birnin Kudu da Birnin Kebbi, Tudun Wada da Tudun Murtala, Gobirawa da Katsinawa, duk suna da kamar 'yan gida ɗaya. Haka Tolkien ya yi da harshen Sindarin da ya ƙaga, wanda ya gina a kan amon harshen mutanen Wales: mor yana nufin launin baƙi, dor yana nufin ƙasa, don haka mai karatu ya ga sunayen wurare irin su Mordor da Moria da Gondor ya ji cewa baki ɗaya ne ya raɗa su. Yawancin marubutanmu kuwa murɗe kalmar Larabci ko ta Indiyanci suke yi su ce harshen aljanu ne, alhali ko zaurancen da 'yan mata suke yi a dandali yana da ƙa'idar inda ake cusa gaɓa. Ba aikinmu ba ne mu ƙaga wa marubuci harshe, amma aikinmu ne kowace baƙuwar kalma ta fito da rubutu iri ɗaya daga bango zuwa shafin ƙarshe.

Gobe in marubucin ya zo ka karɓi rubutun gaba ɗaya, har da abin da ya tsara na kashi na biyu. Ka sa shi ya rubuta jerin sunayen da hannunsa ya sa hannu a ƙasa, ka karɓi rabin kuɗi, fim ɗin kuma a akwatina zai kwana. In ya ce sirri ne, ka nuna masa ƙofa, ko da wa ya rako shi.