Amsa ga mai son ɗaga sabar ofis daga Windows Server 2012 R2

Salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka, cewa sabar kamfaninku tana kan Windows Server 2012 R2, manhajar lissafi da fayilolin ma'aikata duk a kanta suke, kuma kana so ka ɗora 2022 a samanta a ƙarshen mako. Wallahi ka yi daidai da ka tashi, tun 10 ga Oktoba 2023 Microsoft ta daina tallafa wa 2012 R2, amma don Allah kar ka yi shi yadda ka tsara.

Da farko ma daga 2012 R2 ba ka tsallakawa 2022 kai tsaye, sai ka bi ta 2016 ko 2019 tukunna, sau biyu kenan kana ɗora sabo kan tsoho. Ni na taɓa yin irin wannan a wani kamfani da nake kula musu da kwamfutoci, daren Asabar komai ya tafi lafiya lau, sabar ta tashi, na tafi gida raina fes, safiyar Litinin sai ga waya ta ko'ina. Sikana ta daina tura takardu cikin folda. Tsohuwa ce, SMB1 kawai ta iya, wato tsohuwar hanyar tura fayil tsakanin na'urori, shi kuma 2019 ba ya zuwa da shi a girke. Ina tsaye gaban na'urar tana ta nuna jan saƙo, akanta yana tsaye a bayana da tarin rasit a hannu, har yau ina jin nauyin ranar.

Wanda ya fi cin raina shi ne manhajar lissafin. A kan SQL Server 2012 take zaune, wato rumbun da take ajiye bayananta, shi kuma ba ya cikin waɗanda ake tallafawa a 2019, balle 2022 da sai SQL Server 2017 zuwa sama. To kafin ka taɓa komai ka kira masu manhajar, su rubuto maka a rubuce wane Windows da wane SQL suka yarda da shi, kar ka yarda da "ai zai yi" ta baki. Ka tambaye su lasisin ma, wasu a jikin injin yake ɗaure, ka canza inji ya mutu. In manhajar tana buƙatar .NET 3.5, wani ɓangaren Windows da wasu manhajoji ke dogara da shi, sai ka kunna shi da hannunka.

Abin da nake yi yanzu, ina gina sabuwar sabar a gefe, tsohuwa tana aikinta, in kwaso bakof in mayar a kan sabuwar, in kira mutum biyu masu aiki da manhajar kullum su zauna su fitar da rahoto, su buga takarda, su shigar da ciniki na gwaji. Nan ne za ka san ko bakof ɗin naka yana dawowa ma, don da yawa ba su taɓa gwadawa ba.

In tsohuwar sabar ce mai riƙe da Active Directory, wato tsarin da ke kula da asusun shiga na ma'aikata, ka duba foldarsa ta SYSVOL, in har yanzu FRS, tsohuwar hanyar kwafinsa tsakanin sabobi, yake amfani da shi sai ka mayar da shi sabuwar hanyar, DFSR, in ba haka ba sabuwar sabar ba za ta iya karɓar aikin Active Directory ba. Lasisi kuma tun 2016 da yawan kwakwalen firosesa ake lissafi, mafi ƙaranci 16, CAL ɗinku na 2012, wato lasisin masu shiga sabar, ba za su yi a 2022 ba, ka sanar da oga tun yanzu.

Tsohuwar kuma ka kashe ta ka ajiye, kar ka goge sai an rufe lissafin wata a kan sabuwar. Ka turo mana sunan manhajar da samfurin injin, mu duba direban RAID, mai haɗa faifan ajiyar sabar, tare.