Tambaya da Amsa: Da gudun hunturun Zariya zan iya tseren Legas?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Zariya, shekarata 41. Shekara biyu ke nan ina fita gudu bayan sallar Asuba, sau uku ko huɗu a mako. Kilomita goma nakan yi ta cikin minti 55, mafi tsawon da na taɓa yi kuwa kilomita 18. Na yi rajistar gudun fanfalaki na Legas da ake yi a watan Fabrairu, yanzu saura mako goma sha ɗaya. Tun da hunturu ya shigo gudu ya yi mini daɗi, ko gumi ba na yi, har na lissafa zan gama ƙasa da awa huɗu. Damuwata tari ne. Da na dawo gida sai ya sarƙe ni kamar na rabin awa, wani lokaci har da haɓo. Uwargida ta ce sanyi ne yake shiga ƙirjina, in bari sai bazara. In dakata ne, ko in riƙa sa takunkumi?

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. A gaida uwargida, ta yi daidai da ta sa ido a kan tarin nan, ko da yake sanyin da take zargi shi ne mai ƙaramin laifi. Zan fara da tarin tunda shi ka tambaya, amma abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne inda ka ce ko gumi ba ka yi, da lissafin awa huɗun nan.

Mutum yana zaune, iskar da yake shaƙa a minti ɗaya ba ta wuce lita shida zuwa takwas ba, kuma ta hanci take bi. Hanci ne ke ɗumama ta, ya jiƙa ta, ya tace ƙura. Da ka fara gudu abin yakan ninka sau goma ko fiye, hanci ya kasa, ka buɗe baki. Iskar hunturu kuwa busasshiya ce ƙwarai, daga Sahara take kaɗowa ta arewa maso gabas, kuma yawancin farar ƙurar da take ɗauko mana daga ƙwarin Bodele ne a ƙasar Chadi, tsohon gindin tafki da ya ƙafe. Idan irin wannan iska ta yi awa guda tana shiga tana fita, sai ta busar da danshin da ke lulluɓe da hanyoyin numfashi, su kuma su tsuke. Shi ya sa tarin ba ya kama ka a kan hanya, sai minti biyar zuwa goma sha biyar bayan ka tsaya, ya sake ka cikin rabin awa ko awa ɗaya. Masu tseren kan ƙanƙara a ƙasashen Turai suna fama da irinsa, don iskar su ma a bushe take. Haɓon ma tushensa ɗaya, fatar cikin hanci ce ke tsagewa kamar yadda leɓe yake yi.

Akwai kuma abin da mu masu fita da Asuba ba mu son a faɗa. A wannan lokaci na shekara, iskar asuba ita ce mafi ƙazanta a cikin gari. Sanyin dare yakan danne iska a ƙasa ta kasa tashi, sai hayaƙin bolar da aka ƙona, da na masu jin ɗumi, da na masu shayi, da na manyan motocin da ke bin hanyar Kano zuwa Kaduna, duk su kwanta daidai tsayin hancinka. Sai rana ta ɗaga hayaƙin yake watsewa. Don haka ka kauce wa bakin babban titi, ka nemi fili ko hanyar gona, ko cikin harabar makaranta inda akwai bishiyoyi. Minti goma sha biyar na farko ka yi su da sassarfa, baki rufe, wannan kaɗai yana rage tarin sosai. Ka shafa ɗan man kaɗanya ko basilin a bakin hanci da leɓe, da dunduniya kuma, don faso ɗaya ya isa ya zaunar da kai mako guda.

Takunkumi irin shuɗin nan na asibiti ba ya tare ƙananan ƙwayoyin ƙura da ke kaiwa can cikin huhu, sai dai yana riƙe ɗumi da danshin numfashinka, wanda shi ma amfani ne a farkon fita. Ɗan ƙyalle ko bakin rawani zai yi maka wannan aiki. Wanda ake kira N95 yana tare ƙurar, amma da ya jiƙe numfashi yake zama aiki, ba za ka yi gudun kirki da shi ba. Ni dai ƙa'idata ita ce, ranar da na leƙo na kasa hango hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis da ke nisan kamar kilomita ɗaya, irin hazon da ke hana jirgi sauka a Kano, ba na yin gudu mai haki. In ɗaga shi zuwa gobe, in yi tsallen igiya da motsa ƙafafu a ɗaki. Idan wayarka tana nuna lambar ingancin iska, daga 150 ka sassauta, daga 200 ka zauna gida.

Amma fa idan tarin yana zuwa da fito a ƙirji, ko yana tashinka cikin dare, ka ga likita, wataƙila asma ce da ta ɓuya, kuma akwai maganin shaƙa da ake amfani da shi kafin a fita. Idan ya kai mako biyu yana nan ko ba ka yi gudu ba, ka je a gwada majina, gwajin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Tunda ka haura arba'in, a auna maka hawan jini a tafiya ɗaya. Zazzaɓi kuwa ba a gudu da shi ko kaɗan.

To, ga maganar gumi. Kana yi, Malam, gani ne ba ka yi. Busasshiyar iska tana lashe shi tun kafin ya jiƙa riga, kuma wannan bushewar ce ke sanyaya jiki. Ga safiyar Zariya a Janairu takan sauko digiri goma sha wani abu, kusan irin yanayin da masu gudun fanfalaki ke roƙon Allah ya ba su ranar tsere. Saurin da kake ji yanzu rabinsa naka ne, rabinsa na hunturu, kuma hunturu ba zai bi ka Legas ba. In kana so ka tabbatar, hau sikeli kafin ka fita, ka sake hawa da ka dawo. Kowane kilo ɗaya da ya ragu, ruwa lita ɗaya ne ya fita, kai kuma ba ka ji ƙishirwa ba saboda sanyi.

Tseren Legas da aka fara a 2016 a shekarun baya yakan tashi ne daga filin wasa na ƙasa da ke Surulere da sassafe, ya hau gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita goma sha biyu, ya ƙare a Eko Atlantic, kilomita 42 da mita 195. 'Yan Kenya da Habasha da ke cin kofin suna gamawa cikin awa biyu da 'yan mintuna, kafin rana ta yi ƙarfi sun sha ruwa sun zauna. Ni da kai muna kan kwalta har wajen ƙarfe goma sha ɗaya, zafi ya haura digiri talatin, iska cike da laimar teku. A irin wannan iska gumi ba ya bushewa, zuba kawai yake yi, ka yi asarar ruwan ba ka samu sanyin ba. Sai zuciya ta rabu biyu, tana tura jini ga ƙafafu, tana tura shi ga fata don ya huce, bugunta ya yi ta hawa alhali ba ka ƙara sauri ba.

Wannan ba ya barin ko ƙwararru. A gasar duniya ta 2019 a Doha, sai da tsakar dare aka tayar da tseren mata don gudun rana, amma cikin mata 68 da suka tashi, 28 ba su kai ƙarshe ba. Turawa ma suna cin wannan tuwo. Masu shiga tseren Landan suna yin atisayensu ne a tsakiyar sanyin Disamba zuwa Maris, a 2018 sai ranar tseren ta zo da zafin digiri 24, mafi zafi da aka taɓa gani a tarihinsa, mutane suka yi ta zubewa. Digiri 24 fa, abin da mu nan muke cewa gari ya yi daɗi. Jikin da ya yi wata uku bai san zafi ba ne ya sha mamaki.

Ni ma zuwana na farko haka na yi. Na taso daga sanyin Arewa ina ji da kaina, na hau gadar nan ina wuce mutane ina jin tausayinsu. Babu inuwar ko kara ɗaya a kanta. Kafin kilomita talatin sharaɓata ta ɗaure, na koma tafiya ina jan ƙafa, waɗanda na wuce suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya, har da wani dattijo mai furfura da ya dafa kafaɗata ya yi gaba.

Abin daɗin shi ne jiki yana koyon zafi, kuma da wuri, cikin kwana goma zuwa goma sha huɗu. Ruwan jini yana ƙaruwa, gumi ya riƙa fitowa tun da wuri, gishirin da ke cikinsa ya ragu. Saboda haka a mako uku na ƙarshe ka mayar da yawancin fitarka zuwa rana, bayan an tashi makaranta ko daf da La'asar, lokacin da Zariya kan kai digiri talatin ko da hunturu. Minti arba'in da biyar zuwa awa ɗaya, a hankali, da riga mai dogon hannu a kan wata don gumin ya tsaya a jiki, da gorar ruwa a hannu. Ban ce ka ɗaura leda ba, kamar yadda wasu masu neman rage tumbi suke yi, wannan ganganci ne. Ka ga an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, don a wannan lokacin hayaƙin asuba ma ya watse. Idan jininka AS ne, kamar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya, ka ƙara taka-tsantsan da zafi da ƙishirwa, kada ka taɓa matsa wa kanka har ƙarshen ƙarfi.

Game da nisa, mako goma sha ɗaya ya yi kaɗan, an fi so a ce sha shida ko ashirin. Amma mai shekara biyu yana gudu zai iya gamawa, idan gamawar yake nema. Dogon gudunka na ƙarshen mako ka riƙa ƙara masa kilomita biyu, daga 20 zuwa 22 zuwa 24, a mako na huɗu ka sauko 16 ƙafa ta huta, sannan 26 da 28, ka sake saukowa, ka yi 30 saura mako uku tsere. Daga nan sai raguwa. Duka a saurin da za ka iya hira da abokin gudu. Idan gwiwa ko agara ta fara ciwon da ke canja maka taku, ka tsaya, akwai tseren kilomita goma a rana ɗaya a Legas ɗin, kuma ba abin kunya ba ne.

Lissafin awa huɗu kuwa ka ajiye shi. Minti 55 ka ninka sau huɗu da ɗoriya, ka manta cewa makamashin da tsoka ke ajiyewa yana ƙarewa cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Ka tashi a kan minti bakwai kowace kilomita, zai fitar da kai wajen awa biyar. Za ka ji kamar wasa kake yi, yara za su yi ta wuce ka, ƙyale su, za ku haɗu a gaba. A kowace tashar ruwa ka taka da ƙafa na minti ɗaya, ka sha, ka zuba saura a ka. Kada kuma tsoron zafi ya sa ka ɗura ruwa fiye da kima. A tseren Boston na 2002 an auna jinin ɗaruruwan masu gudu, kashi 13 cikin ɗari gishirin jininsu ya faɗi saboda yawan sha, kuma masu daɗewa a hanya irinmu abin ya fi kamawa. Ka sha gwargwadon ƙishirwa, ka haɗa da ruwan gishiri da sukari, ka ci dabino biyar ko shida kowace awa tun daga awa ta farko. Magungunan ciwon jiki irin su Ibuprofen da Diclofenac kada ka sha su kafin tsere ko a cikinsa, suna wahalar da ƙoda idan jiki ya bushe.

Duk wannan a dogon gudunka za ka gwada shi, dabinon da kambas ɗin da safar da abin karyawar, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ka duba kalanda ma, a 'yan shekarun nan azumi yana kewaya Fabrairu, kada ya zo maka ba shiri. Sannan in ta mota za ka, ka isa Legas da kwana biyu a hannu, ƙafar da ta wuni a naɗe cikin bas ba ta gudu washegari. Kafin ka fita da safen ka shafa basilin a matsematsi da hammata da kan nono, ka sa hula mai baki.